Talatar Uwar Kwalabe

Uwar Kwalabe ake kiranta, domin aikinta shi ne ɗebo ruwan da masana'antar rini ke zubarwa a rafi, ta kai ɗakin gwaji a cikin kwalabe. Duk Talata take zuwa, ta tarar da ruwa garau, alhali lambun mahaifinta a bakin rafin sai ƙonewa yake.

Wata rana bakin maigadin masana'antar ya suɓuce: "Malama, ai ke ce hutunmu! Ranarki ba a wanke tukwanen rini."

Ta yi dariya, ta daina sanar da ranar zuwanta. Da ta faɗo musu ranar Alhamis, kwalbarta ta cika da baƙin ruwa. Dole suka gyara matatarsu.

Bana mahaifin nata da kansa ya kai wa maigadi kwandon tumatir daga lambunsa.