Direban da Na Maido wa Gwaggo

Ƙaurin kitsen rago ba ya yi mini daɗi. Ranar layya in aka banƙare raguna a jikin itace kewaye da wuta, hayaƙi ya rufe titunan Yamai, kowa murna yake. Ban da ni. Ba ciwo gare ni ba. Gwaggo nake tunawa, da abin da na yi mata ina ɗan shekara goma sha huɗu.

A unguwar Maourey na tashi, gidan haya mai ɗaki tara da famfo ɗaya. Baba yana sayar da atamfa a kasuwa. Gwaggo yayarsa ce, ya ɗauko ta daga Maradi bayan mijinta ya rasu. Ba ta haihu ba. Dambun zogale take sayarwa a ƙofar gida, kuma ko bakin lakwal, makarantar boko, ba ta taɓa takawa ba. Amma in ta buɗe baki da labari, har mai wanki sai ta saki sabulu.

Shekarar da na faɗi jarrabawa, aka shiga babban hutu na damina ina yawo kamar akuya. Wata safiya ta kira ni.

"Kai, tunda lissafi ya fi ƙarfinka, ai ka iya riƙe bik. Ɗauko kaye ka zauna."

Haka muka fara. Kullum da hantsi, in ta gama tsinke zogale, sai ta jingina da bango ta rufe ido tana faɗa, ni ina rubutawa da bik, wato biro, a ragowar kaye, littafin rubutun lakwal. Labarin wata 'yar mai fura ne a tasha, da direban babbar mota mai zuwa Kwatano. Yakan sayi fura ya riƙe ƙwaryar bai sha ba, don dai ya daɗe a tsaye. Ni a lokacin ban ga abin burgewa ba. Matan gidan kuwa kamar su haukace.

In kaye ya cika sai ya shiga ɗaki ɗaki, daga nan ya tsallaka maƙwabta. 'Yan mata 'yan lakwal ke karanta wa iyayensu. Yakan dawo da tabon mai, da warin daddawa, wani shafin ruwan sama ya taɓa shi tawada ta baje. Ranar Juma'a bayan la'asar sai mata su taru a ƙofar Gwaggo da ƙorafi. Wannan ta ce uwar yarinyar muguwa ce, waccan ta ce direban ya cika sanyi. Gwaggo na dariya tana sauraro. Takan canza musu launin zane, ko ta ƙara wa wata tsohuwa masifa. Amma hanyar labarin ba ta taɓa karkatar da ita don kowa ba.

A kaye na shida direba ya tafi, ya ce zai dawo kafin layya. A na bakwai layya uku ta wuce, yarinya tana nan a tasha. Shekarar kuwa layya ta faɗo cikin hutu, sai Gwaggo ta ce washegarin salla, lokacin da mata ke haɗuwa suyar nama, za a karanta na ƙarshe.

Saura kwana uku matar mai gidanmu ta tare ni a bakin famfo. Bazabarmiya ce, mai jiki, ba ta iya magana a hankali ba, amma ranar ta rage murya, ta yi mini sannu da Zabarmanci, har da kirana mushe, wato malam.

"Fofo, mushe ƙarami. Gwaggon nan taka so take ta ɓata mana salla. Na san ta. Ba za ta maido da direban nan ba. Kai ka maido shi."

Na ce, "Hajiya, ai ba ni ke yin labarin ba."

"Wa ke riƙe da bik, kai ko ita?"

'Yarta tana gefe da bokiti. Ita ce mai karanta wa gidan, kuma ni duk hutun nan ina satar kallonta. Ta taɓe baki ta ce, "Inna, ƙyale shi. Wannan kwafa kawai ya iya."

Shi ke nan. Ba a ba ni komai ba, ba a tsorata ni ba. Maganar yarinya ɗaya ce.

Washegari Gwaggo ta jingina ta rufe ido. Ba ta taɓa daɗewa kamar ranar ba, har kusan azahar. Tana magana, bik ɗina na gudu, amma nawa nake rubutawa. Na sa mota ta shigo tasha da ƙaho, direba ya diro da akwatuna, aka yi biki kwana bakwai. Muryarta ina jin ta kamar rediyon ɗakin wani. Na san akwai wurin da yarinyar take wanke ƙwarya. Iyakar abin da ya shiga kaina ke nan.

Da ta buɗe ido ta ce, "Ka rubuta?"

"Na rubuta."

"Duka?"

"Duka, Gwaggo."

Ranar suya tsakar gida ta cika, har da matan maƙwabta. Kasko huɗu a kan wuta, hadari na haɗuwa ta gabas. 'Yar mai gidan ta hau turmi ta fara karatu. Da ta zo wurin ƙahon mota sai guɗa ta tashi, wata har da rawa da cokali a hannu. Ni ina bakin zaure ina kumbura. Gwaggo ba ta motsa ba. Naman kaskonta ya fara ƙonewa, wata ta janye mata shi.

Ta ce wa yarinyar, "Koma baya kaɗan, 'yata. Ban ji da kyau ba."

Aka sake karantawa. Sannan ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce. Da harara ce da na ji sauƙi.

Matar mai gida ta ce, "Haba Yaya, mu fa don ke muka yi. Ko a takarda ne ya dawo miki."

A nan na gane abin da duk manyan matan gidan suka daɗe da sani. 'Yar mai furar tana zaune a gabana, da furfura, tana warin hayaƙi.

Gwaggo ta ce, "Ni na tsaya a tashar nan, ba ku ba. Shekara talatin ina neman yadda zan faɗe shi daidai. Na faɗa sau ɗaya, ga wanda na yarda da shi."

Ba ta dake ni ba, ba ta kai ƙarata wurin Baba ba. Ta ci gaba da ajiye mini dambu a kwano kamar kullum. Labari ne dai ba ta ƙara yi ba. Na zo mata da sabon kaye na roƙe ta, ta ce, "Ai na riga na faɗa." Bayan an kore ni daga lakwal na sake roƙo. Tana kwance ciwon ajali na sake. Amsar ɗaya ce, kuma ba da fushi take faɗa ba.

Yanzu ina da rumfar cajin waya a Wadata, kuma, ka yi dariya in ka so, littattafan soyayya nake rubutawa a waya. Ba a buga mini ko ɗaya ba. Shafi shafi nake turawa, matan Koira Kano, unguwar masu kuɗi, suna kwance cikin sanyin na'ura suna karantawa, suna aiko mini da saƙon murya. Lokacin hutu abin ya fi muni. Kowa na gida, kowa na da ra'ayi. In salla ta matso sai su ce, "Malam marubuci, goron sallarmu biki muke so, kada ka kashe mana kowa." Ina ba su. Ban iya wani abu ba.

Bara na ce zan gwada. Na rubuta labarin wanda ya tafi bai dawo ba. Sau biyar ina rubuta ƙarshen ina gogewa, don duk wanda na karanta sai in ji ba haka mai jira take magana ba. Na tura ɗaya a haka. Kafin azahar an zage ni har da iyayena. Wata ta ce in baƙin ciki take so ai tana da miji. Da la'asar na cire shi, na maido musu da mutumin cikin sabuwar mota, suka yi ta sa mini albarka.

Gidan Maourey an rushe shi an yi shaguna. Matan nan kusan duk sun mutu, kuma ko da suna raye ba su da abin da za su gaya mini, don ba su ji ba. Mutum ɗaya ne a duniya Gwaggo ta gaya wa yadda labarinta ya ƙare. Yana zaune dab da gwiwarta, kunnuwansa biyu lafiya lau, yana can yana rubuta ƙahon mota.