Dala ta Biyar a Sarƙar Inna

Ranar Asabar ce, washegarin kasuwar Wudil, da misalin ƙarfe goma na safe. Mu huɗu ne a rumfar Inna: ita, da yayana, da ni, da wata dattijuwa daga Dagumawa da muke kira Iya, wadda ta yi shekaru tana kawo mana daddawa. A tsakiyarmu, kan faifai, an ajiye sarƙar Inna.

Daloli tara ne na azurfa, irin masu hoton mace a fuska ɗaya da tsuntsu mai kai biyu a ɗayar, an huda kowacce an zura a igiya. Marigayi mahaifinmu ne ya saya mata su lokacin aurensu. Tun ina yaro ake zuwa aron sarƙar nan idan za a kai amarya, kuma Inna ba ta taɓa hanawa ba. Wannan karon jikar Iya ce ta sa. Da aka dawo da ita, takwas sun yi fari tas, ta biyar kuwa, ta tsakiya, ta yi ja kamar gindin tsohuwar tasa.

Yaya ya riga ya yanke hukunci: an sauya ta a gidan biki. Ko dai Iya ta fito da ta asalin, ko ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani a gaban mai unguwa. Ni an kira ni ne kawai in tabbatar, domin na daɗe ina tara tsofaffin kuɗi, anini da kwabo mai huda da sisi da sule, abin da a gidanmu ake ɗauka rashin aikin yi.

"To sarkin kwabbai," in ji Yaya, "yau ga ranarka. Duba mana."

Iya ta ƙanƙame bakin mayafinta, tana kallon ƙasa.

Na kwance igiyar, na jera su yadda suke. Na ɗora kowacce a kan ɗan yatsa na ƙwanƙwasa ta da sule. Azurfa tana da doguwar murya, ko da an huda ta; takwas suka amsa, ta biyar ta yi gum. Na ɗora su a ƙaramin sikelina. Dala ta gaskiya tana kusan giram ashirin da takwas, waɗannan sun ɗan ragu saboda huda da tsufa, amma ta biyar ta yi ƙasa da su nesa. Na sa gilashin ƙara girma. Rubutun gefenta ya dakushe, kuma akwai siririn layi da ya zagaye ta, inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Ba buga ta aka yi ba, zuba ta aka yi, da tagulla, aka shafe da ruwan azurfa. Wanda ya yi ta gwani ne. Har lotsawar kumatun matar ya kwaikwaya.

"Jabu ce," na ce.

"Kin dai ji, Iya," in ji Yaya.

"Ban gama ba, Yaya."

Na nuna musu hudar. Sabuwar huda zagayayya ce, bakinta da kaifi. Hudar da ta daɗe a igiya kuwa takan miƙe zuwa sama, domin nauyin kuɗin yana jan ta, igiyar tana cin ta a hankali. Hudar ta biyar ta miƙe kamar ƙwayar kankana, daidai da na sauran. A gefenta na dama akwai wani ɗan gurbi, da na haɗa ta da ta shida sai bakin ta shidan ya zauna a ciki daram. Wannan ba aikin mako guda ba ne. Shekaru suka yi suna gugar juna.

Na tambayi Iya ko an wanke sarƙar.

"Da toka da lemon tsami, ɗan nan. Ni da kaina na dirje ta. Ai ba a mayar da kayan aro da dauɗa."

Amsar ke nan. Ruwan azurfar ya riga ya yi siriri a ƙarƙashin baƙin tsufa, tokar ta kwashe ragowar. Kirkinta ne ya tona abin da shekaru suka rufe.

Yaya ya ja ni zaure.

"Me kake nufi? Baba aka cuta? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kara, kasuwar shanu, yana hango saniya daga nesa ya faɗi ciwonta?"

"Shanu ya sani, Yaya. Bai san azurfa ba."

"Kai da ka sani sai ka kunyata shi a kabari, a gaban bare. Ka koma ka ce ba ka da tabbas. Ni kuma in janye maganar rantsuwa, a bar wa Allah."

Na san abin da a bar wa Allah ke nufi a irin wannan wuri. Iya za ta koma Dagumawa ba a ce ta yi sata ba, ba a kuma ce ba ta yi ba, kuma duk gidan da ta shiga da ƙwaryar daddawa sai an kawar da abin da ke kusa da hannunta.

"Ina da tabbas," na ce.

"Ni ne fa gaba da kai."

"Haka ne, kuma ban taɓa musa maka a kan gona ko gida ba. Amma kai ka kira ni in duba. Na duba. Idan an je gaban mai unguwa ma abin da zan faɗa ke nan."

Na koma rumfa na maimaita a gaban Inna, da muryar da kowa zai ji: wannan dalar tana cikin sarƙar tun kafin a haife ni, kuma babu hannun Iya a ciki.

Inna ta daɗe tana juya ta a tafin hannunta. Sannan ta miƙo mini igiyar.

"Mayar da su yadda ka same su. Ita ma a wurinta." Ta juya wajen Iya. "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Ki tsaya ki ci abinci."

Iya ta ce ta gode, rana tana yi, ta ɗauki ƙwaryarta.

Ba ta dafa Alƙur'ani ba, maganar kuma ba ta kai ga mai unguwa ba. Yaya ya yi wata bakwai bai taka gidana ba. Bayan girbi aka zo aron sarƙar daga Lajawa, Inna ta ba da ita da dalolinta tara.