Ɗakin da na kafe a kan amalankenmu

Shekarun baya can, lokacin ƙasarmu ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma ban daɗe da gama koyon aikin kafinta a Dogon Dutsi ba, na yi wani aiki da har yau in na tuna shi sai in rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Mahaifina ya rasu ya bar mana amalanke mai taya biyu da bijimai biyu. A zamanin ba kowane gida ke da amalanke ba, saboda haka muna ji da shi. Da rani ni ke yawo da shi kasuwa-kasuwa, Matankari yau, Tibiri jibi, ina sayar da ƙyamare da kujeru 'yan tsugunno. Da kaka kuma shi ke kwaso mana hatsi daga gona. Abin da ya ishe ni shi ne kwana a zauren mutane, kayan aikina a ƙarƙashin kai kamar matashi.

Wata rana wani Bature ya ratsa gari da mota, tana jan wani ɗan ɗaki a kan taya biyu, har da taga da labule. Na tsaya baki buɗe har ya ɓace. Na ce a raina, to, wannan ai katako ne da kwano, me ya fi ni? Cikin sati uku na haɗa nawa a kan amalankenmu. Na kafe shi da manyan ƙusoshi a jikin amalanken, kowace ƙusa na lanƙwashe bakinta ta ƙasa don kada gargadar hanya ta girgiza shi. Ubangidana ya koya mini cewa abin da kafinta ya haɗa bai kamata ya rabu ba, ni kuwa ɗalibi ne mai riƙe karatu. Yadda za a yi da kaka kuwa, wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Ni ne ɗan fari wurin mahaifiyata, ita kuma irin matan zamanin da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido da ido. In tana da magana da ni sai ta gaya wa wanda ke kusa, in babu kowa ta gaya wa danga ko akuyarta, ni kuma in tsinta. Ranar da na gama ɗakin ta zagaya shi sau ɗaya, ta koma wurin akuya tana ba ta dusa, ta ce, "To, hatsin bana kau ina za a aza shi?" Na yi dariya na ce kaka da sauranta.

Ranin nan na sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Duk kasuwar da na shiga sai mutane su kewaye ni, wasu su leƙa ta taga, wasu su tambaya ko na kumandan ne, wato babban jami'in gwamnati na yankinmu. Damina ta zo na ajiye amalanken a ƙofar gida, ruwa ya yi ta dukan ƙusoshin nan har suka yi tsatsa suka zama ɗaya da katako.

Kaka ta yi, muka yanke hatsi, muka ɗaure dammuna muka tara a gonakinmu biyu, ɗaya kusa da gari, ɗaya can nesa. Sai mai shela ya zaga ya ce mai gari ya sa ranar sakin gonaki, nan da kwana huɗu. Ga wanda bai san abin ba, ranar ce ake bai wa makiyaya izinin shiga gonaki da dabbobinsu su ci kara da harawa. Daga ranar, duk wanda ya bar hatsinsa a fili shi ya jiyo, babu wanda zai kai ƙara. Abincinmu na shekara kenan zube a daji, amalanken da zai kwaso shi kuma yana ƙarƙashin ɗakina.

Da farko na ce a zuba hatsin cikin ɗakin mana. Ƙofar da na yi ta mutum ɗaya ce mara ƙiba, dame huɗu suka shiga da kyar, na biyar ya tsaya rabi ciki rabi waje. Ga nauyin ɗakin kansa, muna shiga yashi taya ta nutse, bijimai suka tsaya suna kallona. Muka dawo gida da la'asar ba mu yi komai ba. Jakin aro kuwa babu, kowa nasa yake kwashewa.

Na tafi wurin abokina maƙeri, ya zo da awartakinsa. Kwana guda cur muna rigingine a ƙarƙashin amalanke muna miƙe bakin ƙusoshin da na lanƙwashe, muna zare su ɗaya bayan ɗaya, tsatsa na zuba mana a ido. Duk wadda ta ƙi fita sai ya ce, "Wai kai da kaka buga wagga, da wa kaka hushi?" Da muka gama, ɗakin ya rabu da amalanke, amma yana zaune a kai daram, mu biyu ko motsa shi ba mu iya ba.

Washegari na fito da dabara, kuma har yau ina ganin rabinta mai kyau ce. Na samo azara biyu, na kafa ɗaya a gindin bangon gaba, ɗaya a na baya, kowace ta fito waje ta dama da hagu. Na kafa gwafanni huɗu a ƙasa, biyu kowane gefe, kamar ƙafafun rumbu, na bar tsayinsu ya ɗara azarun da taƙi guda. Lissafina shi ne a yi gayya, maza su ɗaga ɗakin kamar yadda ake ɗaga jinka a aza kan ɗaki, su ɗora azarun bisa gwafanni, mu kuma mu ja amalanke ya fita ta ƙasa. In rani ya yi a sake gayya a mayar.

Muna cikin wannan mahaifiyata ta dawo daga gona da dame a ka, don tun ranar shela ta fara kwasowa da kanta, dame ɗaya kowane sawu. Ta sauke, ta dubi abokina, ta ce, "Ɗan nan, hwaɗa ma mai gudumar ga ba sai an ɗaga ba. A rage icen ga, a tona ƙasa ƙarƙashin taya."

Na ji ta sarai. Amma kaina ya riga ya tafi sama, ban ga komai ba sai ɗagawa. Na ce wa abokina, "In an tona ai da ɗaki da amalanke tare za su nutse. Hwaɗa mata ta bar muna, wanga aikin kafintoci ne." Shi ma ya sosa ƙeya ya ce kamar da gaskiyata. Ba za ta tsaya musu da ɗan farinta a gaban mutane ba, ta ɗauki gammonta ta koma gona.

Na bi gida-gida na kira gayya. Abin da na manta shi ne duk wani namiji mai ƙarfi a garin yana gonarsa, shelar da ta kore ni ita ta kore shi. Da safe tsofaffi uku suka zo, ɗaya ma da sanda. Muka kama, aka ce bismilla, gefe ɗaya ya tashi, ɗaya ya ƙi, ɗakin ya karkata kamar zai faɗo mana, tsofaffi suka watse suna salati. Muka gwada da ice muna bankarawa, icen ya karye. Muka gwada igiya ta kan reshen bishiya, reshen ya ce bai san zance ba. Rana ta take, na zauna a ƙasa na rasa gabas na rasa yamma. Gobe ake sakin gonaki. Na fara tunanin in ɗauki gatari in farfasa ɗakin, sai dai raina bai ba ni ba.

Muka tafi sallar azahar. Da muka dawo na hango zani a ƙarƙashin amalanke. Mahaifiyata ce a durƙushe da kalme, wato fartanya, da sakaina, tana tonon yashi a gaban taya. Ta kuma tara duwatsu a gefe, ta ajiye zartona a gindin gwafa. Ba ta ɗago ba, ta ce wa tayar, "A yanke su daidai da azara."

Kunya ta hana ni musu. Muka tuge gwafannin, na rage su, muka sake kafa su ƙarƙashin bakin azarun har suka taɓa, muka danne gindinsu da duwatsu. Har lokacin ban gane ba, ina yi ne kawai don kada a ce na bar uwata durƙushe. Muka karɓi kalme muka ƙarasa ramin, dogo mai gangare a gaban kowace taya, muka rarake ƙarƙashinsu. Aka ɗaura bijimai. Suka yi taku biyu, taya ta gangara cikin rami, amalanke ya sauka da kamar taƙi guda ya fita sumul. Ɗakin ko motsi bai yi ba, yana tsaye bisa ƙafafunsa huɗu. Na zagaya shi, na leƙa ƙasa, na sake zagayawa. Abokina ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Kwana ukku! Da maƙeri da kafinta!"

Kafin magariba muka kwashe gonar kusa tas. Da sassafe muka nufi ta nesa, muka yi sawu biyu. Wani makiyayi da ya san mahaifina ya ga halin da muke ciki, ya tsare shanunsa a bakin gona har hantsi, Allah ya saka masa. Amma garke ba nasa kaɗai ba ne. Da muka koma sawu na uku wasu shanun sun shigo ta arewa, abin da ya rage sun tattake sun cinye. Babu wanda za mu ga laifinsa, ranarsu ce. Rabin yini ɗaya kawai muka rasa, kuma na san a ina na zubar da shi.

Mahaifiyata ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sai dai da damina ta yi tsakiya rumbunmu ya ƙare kafin na maƙwabta. Na lura ta yawaita azumin nafila, ranar da ba ta azumi kuma tuwonta sai in gan shi a kwanona. Wata rana na kasa daurewa, na tura mata kwanon. Ta juya wajen akuya ta ce, "Hwaɗa mishi na ƙoshi."

Ɗakin ya yi mini shekaru. In rani ya zo sai in mayar da amalanke da baya ta cikin ramin nan, in cike shi da ƙasa sannu-sannu har ya ɗauki ɗakin, in ɗaure da igiya, ba ƙusa ko ɗaya. Mutane suka riƙa zuwa kallo suna yaba mini basira, ni kuma in ce ta mahaifiyata ce, su yi dariya su ɗauka wasa nake.

Har yau ban gane yadda abu ya tsaya a gabana kwana uku na kasa ganinsa ba. Ban kuma gane yadda aka yi tun ina yaro nake tsintar maganarta daga bakin danga da akuya ba na kuskure ko ɗaya, sai ranar da ta fi kowace muhimmanci na ji na watsar ba. Na so in ba ta haƙuri, amma tsakaninmu ba a yin irin wannan magana fuska da fuska, na yi ta cewa sai gobe har ta rasu. Bayan an yi addu'ar bakwai na shiga turkenta na tarar da akuyar a ɗaure. Na tsuguna, ita na gaya wa.