Tafin Hannun Malam Halliru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Maris, 1975, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Halliru Na'Allah, ma'aikacin ɗakin shan magani a Babura.

Da yawanmu mun ɗauka gashi na mai karaya ne, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ma, duk da malantata, haka na ɗauka sai da na ga aikinka, Malam Halliru. Kai ƙirji kake yi wa gashi. Ka kwantar da mai tari, kansa ya yi ƙasa da ƙugunsa, ka yi ta bubbuga bayansa har kakin da ya toshe huhu ya fito. Mai ciwon zuciya kuwa ka kama hannunsa, kuna takawa sannu sannu.

Ba na manta ranar da Hamma, makiyayi daga wajen Kanya Babba, ya kawo ƙanensa Sama'ilu. Da Hamma ya ji ƙarar bugun da kake yi wa bayan Sama'ilu, sai ya ɗaga sanda.

"Magani na kawo shi, ba duka ba!"

Ka yi dariya, ka ce, "Hamma, juyo bayanka ka ɗanɗana." Ya ɗanɗana, ya ajiye sanda, ya ce a ƙara.

Sau nawa ka ce in turo maka manyan ɗalibaina ka koya musu? Kullum sai in ce sai bayan jarrabawa. Da ciwon haƙarƙari ya kwantar da kai, aka rasa mai yi maka. Na gwada da tafi a miƙe.

"Malam, wannan ai mari ne," ka ce da ƙyar. "Lanƙwasa shi, kamar za ka ɗebi ruwan alwala."

Kwana uku ina koyo a bayanka, hannuna bai faɗa ba.

Jiya Hamma ya dawo da Sama'ilu a kan jaki, ƙirjinsa ya sake toshewa. An ce masa ni ka koya wa. Na buga iyakar ƙoƙarina, babu abin da ya fito. Ya yi mini godiya, suka juya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari kamar yadda ka yalwata wa bayinSa numfashi. Ya ba maiɗakinka Dela da 'yarka Batulu haƙuri.

Ɗalibaina, ku lanƙwasa tafinku yanzu, ku buga a cinya. Wanda ya ji ƙarar ta fito kamar ta ƙwarya a kife, ya zo ya same ni. Sama'ilu yana jira.