Buhu Ashirin Babu Hoda

Shekara goma sha tara Lurwanu ya yi yana tsaron mangaza, wato ɗakin ajiyar waken Alhaji Maikuɗi, a Gazawa. Ya barbaɗa hodar kashe ƙwari, ya ɗinke buhu, ya jera. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Lurwanu, ban taɓa jin ya yi ƙorafin aikin ba.

Bara ma'aikatan noma suka kira horo na kwana uku a Agiye. Alhaji ba shi da lokaci, ya tura Lurwanu. Can aka nuna musu buhu mai leda biyu a ciki. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwari su mutu da kansu. Aka kuma gaya musu abin da hodar ke yi wa cikin mai cin waken. Da wannan waken Lurwanu ya raini 'ya'yansa shida.

Ya dawo da buhu ashirin na kyauta, aikin kuma ya fita ransa.

"Alhaji, a bar hodar nan."

"Kwana uku ka zama likita? Yi amfani da buhunanka, amma ka sa magani."

Bai sa ba, bai kuma faɗa ba. Wata biyar yana zagaya buhunan yana kasa kunne, har ya rame.

Ranar da Dogo, dillalin wake, ya zo saye, Lurwanu ya faɗi gaskiya kafin a kwance. Alhaji ya daɗe yana kallonsa.

"Buhu ɗaya ya lalace, ka ajiye mini makulli."

Aka fara kwancewa. Dogo na tura hannu har gwiwa, ya ɗebo, ya sansana. Na farko fes. Na biyar fes.

"Malamin wake, kana numfashi kuwa?" Dogo ya ce wa Lurwanu.

Buhu sha takwas suka wuce lafiya. Na sha tara yana jikin bango, ɓera ya huda shi ta ƙasa. Ƙwari suka yi ta fitowa, rabin waken ya zama gari.

Na ashirin ɗin ma lafiya yake, amma Alhaji bai jira ya gani ba. Ya miƙa hannu. Lurwanu ya ciro makullin daga aljihu ya ba shi.

Yanzu ranar kasuwa yana ɗaure wa manoma buhu, kuma ba kowane mako yake samun aiki ba. Na tambaye shi ko zai koma in Alhaji ya kira.

"In da hoda, a'a, Inna."