Gaisuwar Datti

Malama Lovelyn ta zo Gwarzo daga Kafanchan a shekarun tsuke bakin aljihu, ta tarar da ɗakin kimiyya babu komai sai ƙadangaru. Sai ta riƙa roƙon matattun rediyoyi wurin masu gyara, tana koyarwa da su.

A ajinta akwai Datti, ɗan ƙauyen Lakwaya mai lalurar galahanga. Ba ya kallon idon mutum, aka ce ladabi ne. Amma ba ya amsa gaisuwa, malamai suka yi ta zane shi.

"Gaisuwa muke koyarwa ko kimiyya?" in ji ta a fusace. Ta zaunar da shi nesa da hayaniya, ta miƙa masa rediyo da sukudireba. Kafin hutu, rediyon ya yi magana.

Ta koyar da irinsa da yawa. Da aka ƙaddamar da Shari'a, danginta suka ce ta dawo gida. Ta ce, "Yarana fa?"

Yanzu ta yi ritaya, Datti ke gyaran lasifikokin masallatai har Kabo. Har yau bai taɓa ce mata ina kwana ba. Duk Asabar dai zai shigo, ya ɗauki rediyonta, ya kara a kunne. Ita kuwa sai ta amsa, "Lafiya lau, Datti."