Zare a Carbin Malam

Har gobe ban mance da safiyar da Malam Shehu ya kawo jikansa ƙaramin asibitinmu na wajen Sifawa ba. Ku da kuka zo aikin nan jiya, ku saurara.

Aikina shara da tafasa ruwa. Maganin kwalba da ke kashe ƙwayoyin cuta, wanda mutanenmu ke kira mai gari, ni ke zuba masa ruwa in girgiza, kuma hannuna bai taɓa wuce layin kwalbar ba. A wurinmu, yaro ya yi tari a sallame shi ba mai gari, to ba a duba shi ba.

Lokacin an kawo mana sabuwar jami'ar lafiya, Hadiza, sa'ar autata. Ta duba yaron, ta saurari ƙirjinsa, ta ce mura ce, a ba shi ruwan ɗumi da zuma. Mai gari ba ya taɓa mura, in ji ta, kuma in ana shansa a banza, ranar da ake buƙatarsa ba zai ci ba.

Malam Shehu ya karantar da rabin garin. In ya ce ba ta iya ba, kowa kemis zai koma.

"Ɗiyata," ya ce, "in ciwon ya sauka ƙirji muna gida fa?"

Ta durƙusa. "Allah shi gafarta Malam, ara mini carbinka."

Ta sa ya ɗora hannu a cikin yaron, kowane numfashi ya ja ƙwaya ɗaya, ita tana duban agogo har minti ya cika. Sannan ta ƙirga wasu ƙwayoyi gaba da inda ya tsaya, ta ɗaure zare a nan. Ta ce a yaro mai shekarun wannan, in jan ya kai zaren cikin minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa, a garzayo da shi.

Malam ya karɓi carbinsa. Ya tafi ba kwalba, ni kuwa ruwana ya huce a buta.

Yaron ya warke. Kafin damina ta fita, sai ga Malam da ɗiyar maƙwabcinsa a kafaɗa, ya ce numfashinta ya wuce zare. Nan take Hadiza ta rubuta mai gari, na haɗa shi.

Mutanenmu tsoro ke sa su roƙon kwalba. Wanda duk zai hana su, to ya ba su abin riƙewa a hannu kafin su fita ƙofa.